Dalilin Ƙaurar Fara

Wanda duk ya san ƙasar Dambatta da Bichi ya san gona ta haɗu da gona, kusan babu dajin da ya rage. Saboda haka in fara ta sauka, ba inda za ta faɗa sai kan gero da dawa. To, daga ina take fitowa, mene ne kuma ke tashinta?

Da farko, sai mu sani fara ba kullum take tafiya a ayari ba. Yawancin shekaru a warwatse take, kowace tana gudun 'yar'uwarta. Amma in ruwa ya sauka da yawa a makwancinta, sai ta binne ƙwai a cikin damshin ƙasa, ɗango ya ƙyanƙyashe ba iyaka. Sa'an nan ciyawa ta soma bushewa, tilas su matsu a ɗan abin da ya saura. Wani masani Barashe, Uvarov, shi ya bayyana a 1921 cewa wannan matsi ke sāke ta, har launinta da halinta. A 2009 masu bincike a Ingila suka nuna yawan gogar ƙafafun baya yana ƙara wani sinadari a jikinta, cikin 'yan sa'o'i mai gudun taro ta zama mai neman taro.

Na biyu, iska. In fara ta yi fiffike, ba ta zaɓen gari, inda iska ta nufa nan take bi. A yini guda ayari yakan ci mil 80 ko fi, kowace kuwa tana cin kwatankwacin nauyinta kullum. Mun sani da damina iska mai laima takan taso daga kudu maso yamma, ta gamu da busasshiya ta arewa maso gabas, a kusa da magamarsu kuwa ruwa ke zuba. Ashe iskar da ke kawo mana hadari ita ke kai fara inda za ta sami danshi ta sāke yin ƙwai.

Ga misali. A 1928 fara ta taso daga fadamun kogin Kwara, kudu da Tumbutu, a ƙasar da yau ake kira Mali. Ta bi ta ƙasar Hausa, ta game yawancin Afirka, ba ta lafa ba sai 1941.

Abin lura a nan, rumbun manomin Dambatta yana rataye da ruwan da aka yi a ƙasar da bai taɓa gani ba. Kaɗa gwangwani da hura hayaƙi ba su korar abin da iska ta kawo. Maganin fara tun tana ɗango ne, gama makonni biyar ko shida take yi tana tsalle kafin ta tashi. Mu da za mu koma ƙauyuka koyarwa, lalle mu koya wa yara su gane ɗango in ya soma taruwa, su gaya wa mai unguwa da malamin gona ba tare da jinkiri ba.