Adana Hotunan Majigi Don Koyarwa: Firam na Kwali ko na Roba?

1.0 Gabatarwa

Hoton majigi ɗan guntun fim ne mai faɗin milimita 35, wanda na'ura ke haskawa a jikin bango. Akan sanya shi cikin firam mai inci 2 a kowane gefe, domin ya shiga na'ura ba tare da yatsa ya taɓa fuskarsa ba. Kafin yaɗuwar kwamfuta, yana daga cikin muhimman kayan koyarwa. Kamfanin Kodak ya daina ƙera na'urorin haska shi a 2004, ya kuma dakatar da fim ɗinsa na Kodachrome a 2009. Saboda haka, abin da ya rage shi ne adana tsofaffin hotunan.

2.0 Muhimmancinsu ga Malamin Hausa

Mu ɗauki misalin malamin da ke koyar da tarihi da al'ada a gabashin Jihar Sakkwato. A Wurno ne hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837. Rabah ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. A Goronyo kuwa, madatsar ruwan da aka kammala a 1984 ta sauya fasalin kwarin Rima. Idan malami ya sami hoton wannan kwari da aka ɗauka kafin a gina madatsar, to ya riƙe shi da kyau, domin ba shi da madadi. Firam ɗin da hoton ke ciki yana daga cikin abubuwan da tsawon ransa ya dogara a kansu.

3.0 Firam na Kwali

Kwali yana da araha da rashin nauyi, kuma ana iya rubutu a kansa da fensir. Sau da yawa akan tarar da wata da shekarar da aka wanke fim ɗin a buge a jikinsa. Illarsa ita ce yana shan danshin damina ya lanƙwashe, gefunansa su zaizaye har ya maƙale a na'ura. Haka kuma gara da kyankyaso suna cin sa. Ambaliyar da ta auku a kwarin Rima a 2010 ta isa ishara ga mai ajiyar takarda a wannan yanki.

4.0 Firam na Roba

Roba ba ta shan ruwa, gara ba ta cin ta, kuma ana iya buɗe yawancinta a share ƙurar hunturu a mayar. Sai dai ta fi tsada, fensir kuma ba ya kama ta. Akwai nau'in da ke haɗe da gilashi. Wannan yana hana fim lanƙwasa da zafin fitila, amma yana tsare danshi a ciki, abin da ke haifar da fumfuna. Ba a son sa wajen doguwar ajiya.

5.0 Wanne Za A Zaɓa?

Idan kwalin asali lafiya lau yake, a bar hoton a cikinsa, domin rubutun da ke kansa shi ne shaidar wuri da lokaci. Idan ya lalace, a mayar da fim ɗin cikin roba marar gilashi, amma kafin nan a kwafe duk abin da ke rubuce, a sa wa hoto da bayaninsa lamba ɗaya. Hoton da ya rabu da bayaninsa ya zama kurma, ba ya iya koyar da ɗalibi komai. Daga nan a kwafe hoton a kwamfuta don amfanin aji, a ajiye na asali cikin akwati mai murfi, a wuri mai duhu, nesa da ƙasa da zafin kwanon rufi.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo fa'ida biyu da illa biyu na firam na kwali.
2. Me ya sa ba a son firam mai gilashi wajen doguwar ajiya?
3. Tsara darasi na minti 40 a kan tarihin Wurno, ka nuna matakin da za ka yi amfani da hoto a cikinsa.