Gorar Zoɓo da Kunun Aya: Gargaɗi Ga Masu Sana'ar Gida

Da zarar damina ta kankama, sai ka ji ma'aikatan lafiya sun fara shela a rediyo kan amai da gudawa, cutar da likitoci ke kira kwalara. Ba banza suke ɗaga murya ba. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi ta'azzara. A watan Yunin 2024 kuwa, gwamnatin Legas ta danganta ɓarkewar cutar a yankin Eti-Osa da wani kunun aya na gora marar rajistar NAFDAC. Kunun aya dai namu ne. Saboda haka wannan takarda taku ce, iyayenmu mata da ƙannenmu masu dama kunun zaƙi, masu dafa zoɓo da lemun citta a cikin gida.

Uwargida, gorar nan da yaro ya kawo miki cike da buhu, kin san inda ta kwana? 'Yan jari-bola ne suka tsinto ta a tasha, a kwata, a bayan asibiti. Wani ya kafa kai ya sha ya bar yawunsa, wani ya tofa majina a ciki, matafiyin da direba ya ƙi tsaya masa ma ya san abin da ya yi da ita. Ki ɗaga ta sama ki dubi zaren bakinta inda murfi ke kamawa, za ki ga baƙin datti ya lafe a cikin tsagar. Sai kawai a zuba gora ɗari a baho guda, a kaɗa su cikin ruwan da ya riga ya yi duhu, a ce an wanke? Wannan sakaci ne, kuma Allah zai tambaya. Wanda ya miƙo miki kuɗinsa ya karɓi gora, cikinsa ya ba ki amana. Ƙwayar kwalara ba a ganinta da ido, ba ta sauya ɗanɗanon zoɓo, sanyin firiji ba ya kashe ta, amma tana iya tsiyaye ruwan jikin yaro cikin sa'o'i kaɗan.

Aikin wanke gora mataki biyu ne, sabulu sannan bilic, kuma ba a tsallake na farko. Kowace musulma ta san ba a tsayawa salla da najasa a tufa, komai yawan turaren da aka fesa. Sai an kankare ƙazantar, an zuba ruwa mai tsarki har launinta da warinta sun tafi, sannan a fuskanci alƙibla. Haka sabulu da bilic suke. Guntun kunun da ya bushe a gindin gora yana cinye ƙarfin bilic, ya bar ƙwayar cuta a ɓoye ƙarƙashinsa. Don haka a fara da sabulu da buroshin gora, a cuɗe ciki da baki da murfi, a ɗauraye sarai.

Daga nan a kawo bilic irin Hypo ko Jik, wanda ba a sa masa ƙamshi ba. Babban cokalin cin abinci ɗaya, wato mililita 15, a cikin lita 4 na ruwa mai tsabta marar zafi. A nutsar da gorori, murafu, mazurari da mataci na aƙalla minti 2, a kife su su bushe da kansu. Kada a goge da tsumma. In warin ya rage, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ba da ruwan rijiya ba. Haɗin bilic na jiya ba ya aiki yau.

Ku saurara da kyau a nan. Kada a kuskura a gauraya bilic da Harpic, ko ruwan khal, ko lemun tsami, wai don ya ƙara ƙarfi. Abin da ke tashi iskar kulorin ce, irin wadda aka kashe sojoji da ita a Turai a 1915, tana shaƙe numfashi tana ƙona huhu. Wadda ta ji tari da raɗaɗin ido ta fita sarari nan take, in abin bai lafa ba a nufi asibiti.

Sauran a taƙaice. Bilic na cin tukunyar alminiyam, ita tafasa ta ishe ta. Ƙwarya, ludayi da muciya a ƙona su da ruwan zafi a shanya a rana. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, babu wankin da zai gyara ta. Ruwan da za a haɗa zoɓo ko kunu da shi ma a tafasa shi, a wanke hannu da sabulu kafin ɗuri. Kada kuma a juye bilic a gorar lemo a ajiye inda hannun yaro zai kai.