Yadda Ake Kafa Wurin Wankin Ƙafa Ba Tare da Famfo Ba

Da zarar hunturu ya kama a gabashin Sakkwato, dugadugan mata ne ke fara nunawa. Kaushi ya taru, faso ya buɗe baki, wata har sai ta riƙa ɗingishi. Mai kitso ko mai ƙunshi da ke Tursa, ko Rabah, ko wani ƙauyen Wurno, tana da masu son wankin ƙafa a bakin ƙofarta, amma da ta ga hoton kujerar nan mai bututu da injin tausa a waya sai ta ce wannan sana'ar 'yan birni ce. Alhali aikin bututun biyu ne kacal: ya kawo ruwa mai tsabta, ya fitar da mai datti. Bokiti biyu sun isa su yi wannan aiki. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima tana shayar da birnin Sakkwato, amma gidaje da yawa a ƙauyukan yankin da rijiya da burtsatse suka dogara, don haka a kansu za mu ɗora lissafi.

Fara da neman wuri. Zaɓi kusurwa kusa da taga ko ƙofa, domin aikin farce yana son haske, ki ajiye fitila mai caji saboda yamma. Ki rataya labule, don mace za ta yaye zanenta zuwa ƙwauri, kuma ba kowa take so ya gani ba. Ƙasan ɗakin, idan ba siminti ba ne, ki shimfiɗa leda mai kauri. Tabarma da darduma suna shan ruwa su yi wari.

Sai wurin zama. Dole wadda ake wa wankin ta fi ki bisa, in ba haka ba bayanki ne zai biya kuɗin. Ki sa kafinta ya haɗa miki dandamalin katako mai tsayin taƙi guda, ko a ɗaure ɗan dakali da bulo, a ɗora kujerar roba mai hannu a kai. Ke kuma kujera 'yar tsugunno ta ishe ki. Ki ƙara wata ƙarama, a ɗaura mata matashi a lulluɓe da leda, nan za ta ɗora ƙafa lokacin guga da yankan farce.

Baho ki sayi biyu, na roba, mai faɗin da zai ɗauki ƙafa biyu, mai zurfin da ruwa zai rufe idon sawu. Na roba na ce, don ruwan bilic da za ki riƙa kashe ƙwayoyin cuta da shi yana cin silba. Yayin da ɗaya ke aiki, ɗayan na jiƙe ana kashe masa ƙwayoyin cuta. Ki samu bokitin nan mai murfi da ɗan famfo a gindi, irin wanda aka yi ta ajiyewa a ƙofar makarantu da asibitoci lokacin Korona a 2020, ki ɗora shi a kan teburi. Shi ne famfonki. Bokiti na biyu, mai wani launi dabam, na ruwan datti ne kaɗai, kada ya taɓa shiga wani aiki.

Jiƙon mace ɗaya yana cin lita 4 zuwa 5, ɗauraya da wankin baho su ci wajen 2. Ke nan jarka mai lita 25 za ta sallami mata uku, a rage na wanke hannu. Idan ruwan rijiya ya zo da gurɓi, ki ɗebo tun dare ya kwanta, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Da safe ki tafasa buta ɗaya a kan kurfoti ki cika filas, sai ki riƙa sirkawa. Ki gwada zafin da gwiwar hannunki kafin a tsoma ƙafa.

Inda ya kamata kuɗinki su tafi shi ne kayan aiki, ba ado ba. A kasuwar Achida ko babbar kasuwar Sakkwato ki nemi abin yanke farce da ƙaramin almakashi, kowanne biyu-biyu, da buroshi, da tawul ƙanana aƙalla shida, da safar hannu, da sabulu, da gishiri, da man kaɗanya ko basilin. Dutsen goge kaushi kuwa ƙofofi ne da shi, ba ya wankuwa sosai. Ki sayo da yawa ki sayar wa kowace mace nata, ta tafi da shi ta dawo da shi. Reza kada ta shigo ɗakinki. Yanke kaushi da ita yana jawo rauni, kuma ƙwayar ciwon hanta da ke yaɗuwa ta jini tana iya kwana 7 da ranta a jikin ƙarfe. Ɗigon jinin da ido bai gani ba ya isa ya kai ta daga gida zuwa gida.

Bayan kowace mace, ki wanke baho da kayan ƙarfe da sabulu da buroshi tukuna, don bilic ba ya aiki a kan datti. Sannan ki haɗa ruwansa: idan kwalbar ta nuna kashi 3.5 cikin ɗari, kamar Jik, kofi ɗaya na bilic a kofi 6 na ruwa. A jiƙa minti 10, a ɗauraye, a shanya, in ba haka ba ƙarfen zai yi tsatsa. Haɗin na yini ɗaya ne, gobe a yi sabo. Kada ki gauraya shi da Dettol ko Izal ko wani abu. Ranar da bilic ya ƙare, ki tafasa kayan ƙarfen minti 20 cikin tukunya mai murfi.

Ruwan datti ba a watsa shi a ƙofar gida, taɓo da sauro da rigimar maƙwabta yake kawowa. A haƙa rami a bayan ɗaki, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a yi masa murfi. Ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Kafin ki zuba ruwa, duba ƙafar da idonki. Idan akwai gyambo, ko faso mai jini, ko tsakanin yatsu ya yi fari yana saɓulewa, ki ba ta haƙuri ta fara zuwa asibiti. Ki tambaya ko tana da ciwon suga. Mai wannan lalura sau da yawa ba ta jin zafi a ƙafa, kuma ɗan ƙwarzane yana iya zame mata babban ciwo, don haka ita ba jiƙo, ba guga mai ƙarfi.

Ga mai lafiyar ƙafa, a jiƙa minti 10 zuwa 15 cikin ruwan ɗumi da sabulu da ɗan gishiri. A fitar da ƙafa ɗaya, a goge kaushin a hankali, ba lalle sai ya ƙare a zama ɗaya ba. A yanke farce a miƙe, kada a shiga gefe, don nan ne yake komawa cikin nama. A ɗauraye, a tsane har tsakanin yatsu, a murza mai a dugadugi. Idan amarya ce ko mai shirin Sallah da za a yi wa ƙunshi, a jinkirta man sai bayan an cire lalle, domin lalle ba ya kama fatar da ta sha mai. Jan farce kuwa kada ki tara shi da yawa: yana hana ruwan alwala taɓa farce, shi ya sa yawancin masu zuwa wurinki lalle za su nema.