Shawara ga Ɗalibi a kan "Take Off"

Duk wanda ya karanci nahawun Larabci a zaurukan Sakkwato ya san cewa fi'ilin "ragiba", idan harafin "fi" ya biyo shi, kwaɗayin abu yake nufi, idan kuwa "an" ne, sai ma'ana ta juye ta koma ƙinsa. To, Turanci ma haka yake, har ya zarce. Dubi "take off": da shi ake faɗin tuɓe takalmi a ƙofar Hubbaren Shehu, da shi ake faɗin tashin jirgin mahajjata daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III, da shi kuma ake siffanta cinikin da ya bunƙasa farat ɗaya, balle ma'aikacin da ya ɗauki hutun yini. Saboda haka kada ka fassara kalmomin biyu ɗaiɗai, domin siyaƙin magana shi ne alƙali. Haddace kowace ma'ana cikin jimlarta. Ka kuma lura, a ma'anar tuɓewa lamiri tsakiya yake shiga, a ce "take it off", alhali a ma'anar tashin jirgi fi'ilin lazimi ne, ba ya neman maf'uli ko kaɗan.