Darasi: Ko Tsiraici Ne Ke Sayar da Wasa?

Ya ku iyaye na Dawaki, da na Rano da Kibiya, ku dubi wasannin da 'ya'yanku su ke yi cikin waya. A waɗansu akan zana mace da 'yar guntuwar tufa, gama masu yinsu suna tsammani haka ke jawo ciniki. Ko gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya. A 2013 wani malami a Amurka ya bincika kwalayen wasanni 399. Cikin masu hoton mata, ya tarar waɗanda aka sa mace rabin tsirara a gefe sun fi sayuwa.

Amma ga wata shaida. A 1996 aka fito da Tomb Raider a Ingila, jarumarsa Lara Croft tana sanye da gajeren wando. A 2013 aka sāke ta da dogon wando da jiki irin na kowace mace, sai wasan ya sayu fiye da dukan na baya. Minecraft kuwa, wasan gini ne, amma kafin ƙarshen 2023 an sayar da fiye da miliyan 300.

Ashe tsiraici yana jan ido, amma daɗin wasa shi ke riƙe mai saye. Abin tsoro shi ne yaro ya saba ganin mace kamar hajar kasuwa, har ya dubi 'yan matan garinsu haka nan. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi:
1. Ka san sunan wasan da ɗanka ya ke yi?
2. Ka taɓa zama tare da shi ka gani?