Ana Biyan Direban Jirgin Ƙasa Tun Yana Koyo?

Tambaya: Ina neman aikin tuƙin jirgin ƙasa, kuma ina da iyali. Za a biya ni lokacin horo? Bayan na gama fa? Daga wani matashi a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Fara duba takardar da za a ba ka: ta ɗaukar aiki ce, ko ta horo kawai? Idan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta ɗauke ka ma'aikaci, albashi haƙƙinka ne. Idan ɗalibi ne kai, mai yiwuwa alawus kaɗai za ka samu, don haka ka tanadar wa gida abincin waɗannan watanni tun yanzu.

Bayan horo, kada ka tsaya kan albashi kawai. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire maka aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinka, ma'aikata ta zuba aƙalla kashi 10. Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya tana ɗaukar matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tambayi alawus na aikin dare da na kwana a wata tasha, a rubuce.

Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka guje shi.