Bayan sanƙarau, a gwada jin yaro kafin ƙashi ya toshe kunnen

Aikina gwajin ji ne a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar yaran da suka tashi daga sanƙarau. An sallame su, zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, gida an yi hamdala. Sai daga baya uwa ta lura yaro ba ya waiwayowa in an kira shi, kalmomin da ya iya sun fara zubewa, tafiyarsa ma da tangaɗi. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce iska ce. Kafin a iso wurinmu shekara ta zagayo.

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da cutar ke dawowa duk rani. Annobar 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin sanƙarau mai tsanani yana fita da wata illa mai ɗorewa, kuma kurumta tana cikin na gaba-gaba.

Ga abin da ke faruwa. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi mai murɗiya da muke kira katantanwar kunne, cike da ruwa da dubban ƙananan gasusuwa masu mayar da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan sanƙarau ya kashe su, ba sa sake tsirowa. Wanda ya rasa kaɗan, na'urar ƙara ji ta ishe shi. Wanda ya rasa kusan duka, ko ganga aka buga a gefensa, ƙara sauti ba zai fitar masa da magana ba. Shi ne ake duba wa dashen na'urar ji.

Na'urar kashi biyu ce. Ɗaya tana rataye a bayan kunne, tana ɗaukar sauti. Ɗayar likita ne ke dasa ta ƙarƙashin fata da tiyata, ya zura wata siririyar waya mai maɓallai 12 zuwa 22 cikin katantanwar, ta riƙa taɓa jijiyar ji kai tsaye. Ba sabon abu ba ne: wani likita mai suna Graeme Clark ya dasa irinta a Melbon ta Ostareliya tun 1978, Amurka kuma ta amince a yi wa yara a 1990.

To, a nan sanƙarau ya bambanta da sauran abubuwan da ke kurumtar da mutanenmu, irin su ƙyanda, hangum, zazzaɓin Lasa ko allurar jentamisin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Bayan sanƙarau, ramin katantanwar yakan fara cikewa da sabon ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni. In ya toshe, wayar ba ta da wurin shiga, ko ta shiga rabi. Na sha zama da uba riƙe da hoton kan ɗansa, ya riga ya sayar da gona, yana tambaya, "Likita, yanzu ba abin da za a yi?" Amsar da za a ba shi da ya zo a watan farko daban ce.

Ban yarda a sayar wa iyaye mafarki ba. Ranar da aka kunna na'urar, makonni kaɗan bayan tiyata, abin da mutum ke ji ƙara ce da ƙwaƙwalwa ba ta saba da ita ba. Manyan da suka taɓa ji sukan ce muryoyi sun zama kamar na rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sai an yi ta komawa ana daidaita ta, ana koyar da sauraro da magana watanni, ga yaro ma shekaru. Kuɗin miliyoyin naira ne, kuma ba ya ƙarewa a tiyata: akwai batir, akwai igiyar da yara ke tsinkewa, akwai caji a garin da wuta ba ta zama. Ana kuma buƙatar rigakafin sanƙarau kafin dashen, domin dashen yana ɗan ƙara haɗarin kamuwa. Wanda ya iya magana kafin ya kurumce, ko jaririn da aka yi wa tun bai kai shekara biyu ba, su suka fi cin moriya.

Ko za a yi dashe ko ba za a yi ba, kada a bar yaro babu harshe ana jira. Maganar hannu cikakken harshe ce, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suna koyar da kurame, kuma koyonta ba ya hana yaro magana. A fuskance shi in za a yi masa magana, cikin haske, ba ihu. A daina kiransa bebe.

Ranar sallama, ku nemi a rubuta muku takardar gwajin ji, a yi shi cikin wata guda ko da yaro kamar yana ji. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da manyan asibitocin koyarwa su ne wuraren fara tambaya. Jariri ma ana gwada shi yana barci, da 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, ba allura, ba zafi.